Ni Teku Nake So, Kawu Ya Ce Gona

Assalamu alaikum Inna Rosnidar. Don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle, kuma ba wanda zan iya faɗa wa a gida.

Bana zan shiga jami'a, lokacin zaɓen fanni ya zo. Ni kaɗai ce mace wurin mahaifiyata, kin kuwa san al'adarmu ta Minang, gida da gonakin shinkafa daga uwa sai 'ya. Yayyena maza tuni suka bazama Jakarta. Kawu Syafrudin, yayan Mama, shi ke yanke magana a zuri'armu, ya ce aikin gona zan karanta a Payakumbuh, kusa da gida. Wai in na yi nisa, wa zai hura wuta a gidan da kakanninmu mata suka bari?

Ni kuwa, Inna, teku nake so. Kar ki yi dariya. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, ta tagar mota, za mu biki Padang. Mota ta sha kwana kawai sai ga shuɗi har ƙarshen duniya. Wallahi tun ranar ban dawo daidai ba. In an cika gonakinmu da ruwa kafin dashe, gajimare na yawo a ciki, sai in tsaya ina jiran jirgin ruwa ya ɓullo ta bayan rumbu. So nake in karanta ilimin teku a Makassar, can wani tsibiri mai nisa, in san abin da ke rayuwa can ƙasa inda haske ba ya kaiwa.

Akwai wata katantanwar teku a akwatin Mama, a naɗe cikin zanen aurenta. Tun ina ƙarama nake fakar idonta in kara a kunne. Ita dai Mama, ranar da Kawu ya yi magana ma shiƙar shinkafarta ta ci gaba da yi. Ina tsoron in tafi gida ya mutu, ina tsoron in zauna ni in mutu a tsaye. Yaya zan yi?

'Yar Tudu, daga Tanah Datar

'Yata, ban yi dariya ba, amma na murmusa. Tekun tagar mota ba ya ƙarni. Hutun nan ki je Pariaman, can bakin teku, ki zauna da matan da ke shanya kifi, ki hau kwalekwale har cikinki ya juya. In kin dawo kina sonsa har yanzu, to da gaske kike.

Kawunki kuma ba maƙiyinki ba ne. Na ga manyan gidaje a rufe, jemagu sun gaje su, abin da yake gudu ke nan. Kar ki je masa da kuka. Ki jera ganyen sirih da ake taunawa a faranti yadda ake zuwa wurin manya, ki je da tsari: wa zai noma gonakin kafin ki gama, kuma kowane girbi a gida zai same ki. In ya ƙi, ki yi haƙuri ki sake komawa.

Amma kafin duk wannan, akwai wadda kika tsallake. Gidan nan ba na Kawu ba ne, na mahaifiyarki ne. Matar da aka haifa a tsakiyar duwatsu ba ta naɗe katantanwar teku cikin zanen aurenta haka kawai. Gobe in ta zauna shiƙa, ki ɗauko katantanwar a gabanta, ki ajiye mata a faifai, ki tambaye ta ina ta so zuwa.

Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ya sanyaya zukatanku ku biyu.

Inna Rosnidar