Ruwa Bai Koma Ba: Ta'aziyyar Mai Bishara Ishaya Tanimu

Majalisar Dattawan Ikilisiyoyin Bakin Tafki, Ƙasar Ngaski
Alhamis, 13 ga Afrilu, 1972

Cikin alhini mai nauyi, da ɓacin ran da ba za mu ɓoye shi ba, Majalisar Dattawan Ikilisiyoyin Bakin Tafki tana sanar da Masu Girma Fastoci, da masu bishara, da shugabannin Zumuntar Mata, da masu unguwanni, da dukan jama'ar tungayen da ke tsakanin Wara da Yelwa, Kirista da Musulmi da masu bin al'adar kakanni, cewa ta karɓi labarin rasuwar ubanmu kuma abokin aikinmu, Mai Bishara Malam Ishaya Tanimu na Tungar Maje, wanda ruwa ya ci da hantsin Lahadin Tashin Ubangiji, biyu ga wannan wata, yana da shekara sittin da ɗaya a duniya. Har zuwa lokacin da aka sa hannu a wannan takarda ba a ga gawarsa ba.

Kwana goma sha ɗaya muka riƙe wannan saƙo ba mu fitar ba, kuma jama'a suna da haƙƙin sanin dalili. Ɗiyar marigayin, Malama Larai, wadda ita kaɗai ta rage masa cikin 'ya'ya huɗu, ta ce ba za ta karɓi gaisuwar kowa ba sai an kawo mata mahaifinta ta sa shi a ƙasa. Tun ran da abin ya faru take zaune a bakin gaɓa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ga goyon wata huɗu a bayanta, abinci sai an yi da gaske take kai loma biyu, har matan Zumunta sun zo sun shaida wa Majalisa cewa nononta ya fara ɗaukewa. Mun jira don girmama ta. Yanzu kuwa jiran ya fara cin ran jaririn da bai san hawa ba bai san sauka ba, shi ya sa muka ga dole mu yi magana.

An haifi Malam Ishaya a Gungun Maje, tsibirin da yau ba mai iya nuna shi sai da yatsa a kan ruwa. Masassaƙin jirgi ne ɗan masassaƙin jirgi, manomin albasa kuma, irin waɗanda ke ban ruwa da ƙwarya tun asuba har ƙugu ya ƙage. Ya karɓi baftisma yana magidanci, ya koyi karatu da girmansa, kuma shekara ashirin da shida ya yi yana bin tsibirai da filafilinsa, yana wa'azi da Gunganci inda ake jin Gunganci, da Kambarci a kan tudu, da Hausa a kasuwa. A shekarar da aka sami 'yancin kai shi da mutum tara suka ɗora jinkar majami'ar farko a gungun, shi ne kuma ya keɓe fili a gindin wata kuka don binne masu bi. Ba mutum ne mai sanyin baki ba, wannan kowa ya sani, mu da muka zauna taro da shi mun fi kowa sani. Amma ba a taɓa tashinsa don mara lafiya ya ce a bari rana ta yi sanyi ba, kuma jirginsa ya kai mata masu naƙuda Yelwa ba tare da ya tambayi addinin mazajensu ba.

Akwai abin da wasu suka so mu tsallake a wannan takarda. Ba za mu tsallake ba, domin shi kansa bai taɓa ɓoye shi ba. Da aka zo ƙaura, shekara huɗu da suka wuce, aka ce kowa ya kwashe nasa ya hau tudu domin madatsar Kainji za ta tare kogi, ikilisiyar Gungun Maje ta zauna a kan maganar kaburbura arba'in da uku da ke gindin kuka, cikinsu har da na matarsa, Inna Hansatu. Damina ce, ƙasa ta jiƙe, tono ba ya yiwuwa cikin mutunci. Malam Ishaya ya tashi ya ce a dakata. Ya ce tun kakanninmu farin ruwa yakan zo da damina ya wuce, baƙin ruwa ya biyo baya da sanyi shi ma ya wuce, kogi baƙo ne, ba ya kwana biyu a gonar mutum. A bari rani ya yi, ruwa ya ja, a dawo a kwashe ƙasusuwan a tsanake da addu'a. Wane ɗan kogi ne zai ji wannan magana ya ce ba haka ba ne? Aka kafa wa kowane kabari turke irin na ɗaure jirgi don a gane shi, aka hau tudu. Rani ya zo, ruwa ya ɗan ja kamar zai yi abin da ya saba, ya tsaya. Ko kan turke ɗaya ba a sake gani ba.

Wata bakwai Malam Ishaya ya yi bai hau bagade ya yi wa'azi ba. Ya bar sassaƙa, ya bar zuwa kasuwa, in an gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai. Tsofaffi suna tare mu a hanya suna tambaya ko wanda ruwa ya danne zai ji kira ran tashi, mu kuma muna ta kame-kame. Sai aka yi rasuwar farko a sabuwar tunga, wata tsohuwa mai suna Halimatu, aka rasa mai ja gaba, ga ƙasar tudu duk marmara. Ba wanda ya aika masa. Ganinsa kawai aka yi da diga a kafaɗa, ya shiga rami ya yi tono har tafinsa ya fashe, da aka gama kuma ya tsaya a bakin kabarin ya ce wa jama'a: "Ni na ce ku jira, kuka jira. Na yi kuskure, ku yafe mini. Amma mu ne muke bukatar turke kafin mu gane kabari. Wanda ya ta da Yesu daga matattu ya san inda kowa yake kwance." Mu da muke wurin mun ga mutum ya tashi tun yana da rai. Daga wannan rana ya koma aiki kamar saurayi, ya buɗe majami'u biyu a kan tudu, ya koya wa manoman albasa yadda za su bi ruwa da shuka in ya ja, kuma shi ya fara abin da ya zama al'adarmu: kowace safiyar Tashin Ubangiji a shiga jirage a je daidai kan tsohuwar makabarta, wadda yake ganewa da busasshen kan kukar nan da ke leƙowa, a kira sunayen nan arba'in da uku ɗaya bayan ɗaya, a yi waƙa, a dawo.

A kan hanyar dawowa daga wannan sujada jirginsa ya hau kututturen itacen da ruwa ya rufe. Mutum shida ne a ciki. Malam Dogo, wanda ke riƙe da filafili a baya, ya shaida wa Majalisa cewa iska ta ɗan taso, ruwa ya yi duhu, ba a ga komai ba sai jin ƙara aka yi jirgi ya tsage ya kife. Marigayin ya tura mata biyu suka kama reshe, ya juya neman ta uku ba tare da sanin an riga an ja ta cikin wani jirgi ba, daga nan ba a sake ganinsa ba.

A nan Majalisa za ta faɗi abin da ke cinta, kowa ya ji. Itatuwan nan da aka bari tsaye ruwa ya rufe su ba jiya aka san da su ba. Takarda biyar muka rubuta cikin shekara uku zuwa ga waɗanda aka ɗora wa alhakin hanyar ruwa, uku daga ciki da hannun Malam Ishaya kansa, ba mu roƙi a sare daji duka ba, cewa muka yi a kafa alama a mashigar jirage tsakanin Tungar Maje da Wara, ko da gora ce da jan ƙyalle. An ce mu zo, mun zo. An ce mai sa hannu ya yi tafiya, mu dawo bayan sati biyu, mun dawo. An turo wani ya zagaya da jirgi mai inji lokacin da ruwa ya cika maƙil, ya ce shi bai ga kututture ba. To ina zai gani? Haba jama'a! Mutum goma sha ɗaya ke nan da muka sani da suna ruwan nan ya ci a mashiga ɗaya, kuma duk lokacin da aka yi rashi sai a aiko mana da gaisuwa mai daɗin karantawa. Mun gode da gaisuwa, amma ihu bayan hari ya ishe mu. Majalisa ta yanke cewa samarin ikilisiya da masunta za su kafa gorar da kansu kafin ruwan sama ya sauka, wanda ke ganin an shiga aikinsa ya zo ya same mu a can.

Haka nan ranmu ya ɓaci da maganganun da ke yawo a kasuwar Wara da wuraren daka, abin kunya har a bakin wasu masu zuwa sujada: wai matattun da ya bari ne suka kira shi, wai ruwa ya riƙe gawarsa don alhaki, wai wanda ba a binne ba ba shi da rabo ran tashi. Wayyo, laifi tudu ne. Ran da ya ce a jira, ina masu wannan baki suke? Suna wurin, kuma ba wanda ya ce uffan. Masunta sun gaya mana dalilin da ya sa gawa ba ta taso ba bayan kwana uku kamar yadda aka saba: rassan da ke ƙasa ne suka riƙe, ba wani abu ba. Waɗannan maganganu sun kai kunnen Malama Larai, kuma suna cikin abin da ya kafe ta a bakin gaɓa. Duk mai bi da ya sake furta su, dattawan majami'arsa za su kira shi.

Majalisa tana miƙa godiya ta musamman ga Sarkin Ruwa, Malam Mamuda, da mutanensa, waɗanda ba addininmu ɗaya ba amma suka ajiye taru kwana goma sha ɗaya a tsakiyar lokacin kamu, suna nitso cikin rassa har biyu daga cikinsu suka ji ciwo. Jiya Sarkin Ruwa ya zo da kansa ya ce mana sun yi iyakar abin da ɗan Adam zai yi, in aka ci gaba za a ƙara gawa ne a kan gawa. Majalisa ta yarda da shi. Daga yau an dakatar da nema.

Muna roƙon Allah Uba, Mai ta da matattu, ya ba iyalin Tanimu, da surukinsa mijin Larai, da ikilisiyoyi uku da ya bari, da dukan waɗanda ya taɓa ɗauka a jirginsa, ƙarfin ɗaukar wannan rashi. Ya sanyaya zukatanmu da ke tafasa, ya hana fushinmu zama zunubi. Ya kuma riƙe mu cikin begen ranar da ƙasa da ruwa za su mayar da duk wanda aka ba su ajiya.

Saura ke, Larai, ɗiyarmu. An gaya mana abin da kika ce wa matan Zumunta, cewa ba za ki zama wadda ba ta da kabarin uwa ba ta da na uba ba. Ba mu da amsar da za ta share wannan, kuma ba mu da gawar da za mu ba ki; da muna iya kwashe tafkin nan da ƙwarya da mun fara tun makon jiya. Ni mai sa hannu a wannan takarda zan gaya miki abin da ban taɓa faɗa a taro ba: ran da mahaifinki ya ce a jira, ni na fara ɗaga hannu na goyi bayansa, kuma mahaifina yana cikin arba'in da ukun nan. Shekara huɗu na bar shi yana ɗauke da laifin shi kaɗai. Ban isa in yi miki wa'azi ba. Roƙonki nake yi, a madadin dattawa duka, ki ci abinci, ki ba yaron nan nono.

Za a yi sujadar jana'izar Mai Bishara Ishaya Tanimu ranar Lahadi, goma sha shida ga wata, da ƙarfe tara na safe. Ba za mu shiga jirgi ba, ba kuma za mu yi ta a majami'a ba. Za mu zo mu same ki a bakin gaɓa inda kike zaune, mu shimfiɗa tabarmi kewaye da ke. In kin karɓi gaisuwarmu, mu tashi tare mu raka ki gida. In ba ki karɓa ba, ba wanda zai tashi.

Dattijo Yusha'u Sallau
Magatakarda kuma Kakakin Majalisar Dattawan Ikilisiyoyin Bakin Tafki
Wara, Ƙasar Ngaski