Makullai Goma Sha Ɗaya a Durowar Kanti

4 ga Nuwamba

Maigidana Ejnar,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya gwiwar? Ina fata kana bin abin da masu jinya suka ce, ba ka zauna kana koya musu aikinsu ba. Kyanwarka tana nan lafiya, ta gaje kujerarka tun ranar da ka hau jirgin fito. Ni ma lafiyata ƙalau, in ka cire ɓacin rai.

Sun cire injinka, Ejnar. Injin cinikin da ka haɗa mana da hannunka shekara ashirin da tara da suka wuce, yanzu yana bayan kanti tare da kwalayen banza. Steen Lauridsen ne ya kawo mana wannan ci gaban. Tun da aka naɗa shi shugaban kwamitin kanti yake ji kamar shi ya gano tsibirin nan, alhali shekararsa huɗu kacal da barin aikin banki a birni ya tare cikinmu.

Ranar Litinin ya zo da wani ma'aikacin kamfani mai suna Ulrik, da kwalaye biyar: allon da ake latsawa da yatsa, abin haska lambar kaya, injin kati, injin buga rasit, da sabuwar durowar kuɗi. Ulrik bai yi mini laifi ba, har kofi na ba shi. Ya so ya huda katakon kanta ya ja waya daga allon zuwa injin rasit, Steen ya ce a'a, wai waya ƙazanta ce, a bar su su yi magana ta iska yadda ake yi a birni.

Da aka zo juye tsohuwar durowa sai Ulrik ya tsaya yana kallo. Ka san abin da ya gani, makullai goma sha ɗaya a gurabun sulalla, kowanne da zarensa da sunan mai shi. Na gaya masa na tsofaffinmu ne masu zama su kaɗai. Mai jinya in ta sauko daga jirgi Talata da Juma'a a nan take karɓa, in kuma wani bai leƙo da safe ba, ni nake zuwa in duba. Sun yarda ne don durowar tana kulle, kuma kullum akwai mutum tsaye a gabanta. Steen ya yi dariya ya ce, "Bodil, nan kanti ne ko ɗakin mai gadi?" Na ce, "Yallaɓai, ka je ka tambayi masu makullan."

Ga abin da ya hana ni cin abinci ranar. Sabuwar durowar ba ta da maɓallin buɗewa. Wayarta a jikin injin rasit take, sai an yi ciniki da tsabar kuɗi, rasit ya fito, sannan ta buɗe. Ulrik ya ce akwai inda zai latsa a ba ni damar buɗe ta ba ciniki. Steen ya hana, wai haka ake yi ko'ina don a kare ma'aikaci daga zargi. Wane ma'aikaci? Ni kaɗai ce ma'aikaciyar! Ɗan ƙaramin makullin da ke buɗe ta da hannu kuwa, a gabana ya jefa shi aljihun kwat ɗinsa. Shekara ashirin da tara ko alawa ɗaya ban taɓa ɗauka ba, yau ni ake wa tsaro da hannuna.

Ka ci abincinsu ko ba daɗi. Ka gaida maƙwabcin gadonka mai minshari.

Matarka,
Bodil

13 ga Nuwamba

Maigidana Ejnar,

Gaisuwa da fatan sauƙi yana ƙaruwa. Na ji daɗin jin ka taka har ƙarshen baranda. Na ga shawararka, wai in kwashe makullan in kai gida. To in ina kanti su suna gida, amfanin me? In zuba su a aljihun riga kuma, ranar da ɗaya ya faɗi da wane ido zan kalli mai shi?

Na dai samo dabara. Duk lokacin da nake son makulli sai in sayar wa kaina da ashana. In haska kwalin, in latsa tsabar kuɗi, rasit ya fito, durowa ta buɗe. Yanzu muna da ashana kwali tara a kicin, mu da murhunmu na lantarki ne. Vagn Mikkelsen ya kama ni ina yi ranar Juma'a, ya zo karɓar baƙin burodinsa da jarida da ƙarfe tara kamar kullum. Ya ce, "Uwar kanti, in tsibirin za ki cinna wa wuta, ki fara da gidan shugaba." Shekara tamanin da huɗu, amma bakin nan nasa bai tsufa ba. Ka tuna shi ne ya fara kawo makulli, bayan da masu yawon shaƙatawa suka faɗa masa kicin suna ɗaukar hoto, ya rantse ba zai ƙara kwana ƙofa a buɗe ba.

Sai dai ita ma dabarar ba kullum take ci ba. Injin rasit ɗin barci yake yi. In aka jima ba ciniki sai allo ya ce bai gan shi ba, alhali ga shi nan a gefensa, tsakaninsu bai kai kamu ɗaya ba. In ya yi barci kuwa durowa ta mutu. Na kira kamfanin, wata mai daɗin murya ta ce in kashe in kunna. Na yi. Wata rana ya farka, wata rana ya ƙi. Ta ce maganin abin a ja waya, amma sai shugaban kwamiti ya sa hannu, kuma ma'aikacinsu ba zai samu tsallakowa ba sai ƙarshen wata.

Na tari Steen da maganar a bakin tashar jirgi. Ya ce sabon abu sai da haƙuri, wai mutanen da suka manyanta sukan ɗan sha wuya da farko. Ni da shi shekara biyu ce tsakaninmu, kuma shi ne babba! Na ce ya bar mini ɗan makullin nan tunda tafiya zai yi. Ya ce zai kawo maganar a zaman kwamiti. Ya hau jirgi da kwat ɗinsa, zai yi mako guda wajen 'yarsa.

Ina kewarka, ko don in samu wanda zan yi wa faɗa.

Taka,
Bodil

19 ga Nuwamba

Ejnar,

Ina fata kana lafiya. Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa. In ka ji an kawo mutum daga tsibiri jiya, Vagn ne. Ka sa a tura ka wajensa.

Tara ta yi bai zo ba. Tara da kwata na tsallaka titi na ƙwanƙwasa, sai na ji nishi. Ya zame a banɗaki tun da asuba, ƙugunsa ya karye, yana kwance a kan siminti da rigar barci, ga sanyin nan. Ka san ƙofarsa, shi ya sassaƙa ta da katakon jirgi, ko maza uku sai sun yi gumi, tagoginsa kuma kyanwa ce kaɗai za ta bi. Na ce, "Vagn, minti ɗaya, in ɗauko makulli." Ya ce, "Kada ki manta da ashana."

Na kira asibiti ina gudu. Na haska ashana, na latsa, allo ya ce bai ga injin rasit ba. Na kashe na kunna. Na jira ya gama tashi, na sake haskawa, ya sake ƙi. Na zare wuta na mayar. Na kira Steen, wayarsa a kashe. Ejnar, ga abin da ban gaya wa kowa ba sai kai: minti ashirin na yi a wurin. Ga ƙarfen cire ƙusa rataye a kan shiryayye bayana, mu muke sayar da shi, ina ganinsa, amma na tsaya ina lallashin inji. Me ya tsayar da ni? Kada a ce Bodil ta fasa durowar kuɗi. Maganar mutumin nan ta shige ni har na fi jin tsoron a kira ni ɓarauniya a kan dattijo ya mutu a ƙasa.

Da na dawo hayyacina, sau biyu na danna ƙarfen, durowar ta tsage, makullai suka watse. Da na buɗe ƙofar Vagn ya daina barkwanci, leɓɓansa sun yi shuɗi. Na lulluɓe shi da duk bargon da ke gidan, na riƙe kansa har jirgi mai saukar ungulu ya sauka a filin ƙwallo.

Ina jin haushin Steen, ina jin haushin injin, amma wanda nake ji na kaina ya fi. Ka rubuto mini yadda ka gan shi, kada ka ɓoye mini komai.

Bodil

2 ga Disamba

Maigidana Ejnar,

Gaisuwa mai tarin yawa, da murnar jin za a sallame ka ranar Asabar. Na wanke labule, na kori kyanwa daga kujera. Na gode da ka zauna da Vagn. 'Yarsa ta kira ni ta faɗi abin da ka kasa rubutawa: sanyin ya taɓa huhunsa, ya tsira, amma ba zai ƙara zama shi kaɗai ba. Gidan tsofaffi za a kai shi a can tsallake. Da na gaya mata jinkirin da na yi, ta ce likita ya ce tun asuba yake kwance, minti ashirin ba su ne suka yi ba. Ta faɗa ne don in ji sanyi, ban kuwa ji ba.

An yi zaman kwamiti. Steen ya zo da takarda a kan lalata kayan kanti, ya fara karantawa. Bai kai layi uku ba Grethe mai gidan waya ta ce, "Kai Steen, ajiye takardar nan kafin ka ƙara kunyata kanka. Ina ɗan makullin?" Ya laluba aljihu, ga shi nan inda ya jefa shi tun ranar farko.

Ulrik ya zo ranar Alhamis da sabuwar durowa. Ya huda kanta, ya ja waya, tsawonta bai kai ɗamarar wandonka ba. Ya latsa wuri ɗaya a allo, maɓallin buɗe durowa ya fito. Na duba agogo, minti huɗu ya yi, har da share garin katako. Ya ce wayar tana cikin kwalin tun zuwansa na farko. Na shiga bayan kanti na yi kukan da ban yi ba ranar da abin ya faru.

Jiya da hantsi Steen ya shigo, ya jira kantin ya watse. Ya ajiye ɗan ƙaramin makullin a kan kanta, sannan ya ajiye wani babba, na ƙofar gidansa, kusa da shi. Ya ce, "Bodil, ni ma ni kaɗai nake kwana, kuma zuciyata ba ta da lafiya." Bai ce in yafe masa ba, ni ma ban ce na yafe ba. Na yanko zare, na rubuta sunansa, na latsa maɓalli durowa ta buɗe. Ya nuna gurbin farko ya ce ai ga wuri nan, tunda mai shi ba zai dawo ba. Na ce wannan na Vagn ne, makullinsa yana ciki, kuma nan zai zauna har ranar da shi da bakinsa ya ce in cire. Na tura na Steen can ƙurya.

Ranar Asabar zan jira ka a tashar jirgi. Ka taho da sandarka, kada ka yi mini taurin kai. In ka je yi wa Vagn sallama ka ce masa har yanzu ina ware burodinsa da ƙarfe tara, hannuna ya ƙi dainawa.

Matarka mai jiranka,
Bodil