Tambayar da Ban Yi wa Ɗanbaba Ba

Bahiya, ƙasar Barazil, 9 ga Rajab, 1259

Da sunan Allah Mai rahama. Daga Altine zuwa ga aminiyata Laraba, a Ikko. Ina gaishe ki gaisuwar kewa. Yaya ƙafar nan taki? Yaya Maryamu da yara? Mu nan sai godiya, ina nan ina sayar da ƙosaina a dandalin Pelourinho, a inda kika bar ni shekara takwas da suka wuce, lokacin da aka kore ku daga ƙasar nan bayan boren bayi Musulmi da aka murƙushe a unguwar Água de Meninos.

Bayan haka, kin tuna Ɗanbaba mai goge, na garinmu Bebeji, wanda na ce miki ina amarya nakan laɓe a zaure in saurare shi, sannan in koma in yi istigfari? Laraba, yana ƙasar nan. Shekara huɗu ke nan da kawo shi, yana gonar rake a hayin ruwa. Yanzu ubangidansa ya shigo da shi birni zai sayar da shi, a kai shi birnin Rio ta jirgin ruwa.

Mahmudu mahauci ya roƙa aka ba mu aronsa ran Lahadi da la'asar, a gidansa na unguwar Itapagipe. Mun kusa arba'in. Ya tsufa, haƙoran gaba babu, amma da ya ja gogen sai da na riƙe bango.

Daga nan aka shiga tambayoyi. Wani ya ce wai gaskiya ne aljanu suka koya masa? Ya ce da yana da aljanu, ai da su za su sare masa rake. Ladi mai wanki ta tambayi waƙar da ya fi so, ya ce wadda aka yi masa tuwo a bayanta. Mahmudu ya ce, "Tsoho, mata nawa gogen nan ya raba da mazansu?" Ya ce, "Kawo taka mu ƙirga." Aka yi ta dariya, har da masu hawaye.

Ni tambayata ɗaya ce. Kin san na bar yaro ɗan shekara uku a bayan kakarsa ranar da aka kama ni. Makaɗi kuwa babu gidan suna ko na biki da bai shiga ba. In yaron ya rayu, Ɗanbaba ya sani.

Da aka zo kaina na ce ina tambayar wani yaro na gidan marina. Ya ce, "Baiwar Allah, marina a Bebeji sun fi gashin gogen nan yawa. Ni da suna nake gane mutum, sana'ata ke nan. Faɗi sunansa ko na ubansa, in lissafo miki har jikoki."

Ɗan fari ne, Laraba. Ɗayan kuma mijina. Bakina bai taɓa kama sunayen nan ba, ko ke ban faɗa miki ba, balle wani a ƙasar nan ya faɗa a madadina. Shi kuma ba ya karatu, ko da na yi kasadar rubutawa. Na buɗe baki, ido arba'in a kaina, sai na ji kamar an ce in tuɓe zane a kasuwa. Na sunkuyar da kai na tambaye shi inda yake samun tsarkiya. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya amsa mini a hankali, aka wuce ga na gaba.

Ki sa ni a addu'a. Zan koma.

Taki,
Altine

Bahiya, 14 ga Rajab

Laraba, ina sake gaishe ki, Allah ya sa takardun biyu su same ki tare cikin lafiya. Mai kai su zai ɗinke su a cikin rigarsa.

Kwana uku ina koyon faɗa. In ina tankaɗe, in ina wanke wake, sai in motsa leɓe ba murya. Na bincika abin da na karanta a gaban mahaifina, ban ga inda Allah ya hana uwa kiran ɗanta ba. Kunya ce kawai, tamu ta gida, wadda na ɗauko na haye teku da ita alhali ban iya ɗauko yaron ba.

Ran Alhamis da hantsi na bar kasko na gangara bakin ruwa, gidan da ake tsare waɗanda za a sayar. Mai gadi ya nuna mini teku da haɓa. Jirgin ya tashi tun da safe. Mahmudu ya ce da ake fitar da su Ɗanbaba ya tambaye shi, ina matar nan mai tambayar tsarkiya, ba ta dawo ba?

Ban yi kuka a titi ba. Na koma na ƙarasa suya.

Yanzu saura ke. An ce fataken Kano na saukowa Ikko. Don Allah duk ayarin da ya zo, ki je zango ki tambayi mutanen Bebeji. In yana raye ya kai talatin da uku, yana da tabon ƙuna a gwiwar hannun hagu. In ya rasu ma ki faɗa mini, kada ki tausaya, in san irin addu'ar da zan riƙa yi masa.

Sunan ubansa Yahaya marini. Shi kuma sunansa Idirisu.

Allah ya sada mu, ko a nan ko a can.

Taki har kullum,
Altine, uwar Idirisu