Yau Na Goya Ummi

Daren Talata

Yau na goya Ummi! Tun da na haife ta zuciyata ta kumbura, ko ɗaukarta na yi sai numfashi ya gagare ni. Inna ce ke goya min ita, ni sai kallo.

Da safe na je asibiti, ajinmu na masu ciwon zuciya. Muka zagaya fili a hankali, ni da Maman Rahila ta Shadawanka muna hira, har muka gama ban tsaya hutawa ba. Likita ta duba ƙafafuna, babu kumburi. Ta ce, "Hauwa, goya 'yarki, in kin gaji ki sauke. Amma kada ki fasa magani, kuma gishiri da kanwa har yanzu babu."

Da na dawo, a tsakar gida na ɗaura zani na goya Ummi. Inna, da muka sha faɗa kan kunun kanwa, ita ta gyara min majanyi tana share hawaye. Ta ce, "Taka a hankali, 'yar nan, ina bayanki."

Ummi ta yi barci a bayana. Har yanzu ina jin ɗuminta. Alhamdulillahi.