Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Tamanrasat, daren Juma'a, watan Sha'aban

Yau shekara uku da wata biyar rabona da Damagaram.

Da la'asar ƙanwata Hadiza ta bugo daga Birni, wai an kori ɗan farina daga lakwal, makarantar boko, ya ɗaga wa mushe, malaminsu, hannu. Yaron da na bari ko kaza ba ya iya kora! Na fara faɗa, ta ce, "Dakata, Yaya. Na ce zan gaya wa ubansa, ka san me ya ce? 'Wane uban? Duk Juma'a yana tambayar kowa da sunansa, har akuya, ban da ni.'"

Innalillahi. Ni fa kunyar ɗan fari nake yi, yadda Baba ya yi mini. Amma Baba yana gida. Bai taɓa kiran sunana ba, sai dai kullum ya rage mini tsoka a akushinsa. Ni me na rage wa wannan ta waya? Na zagi yaron a raina, amma shi ke da gaskiya.

Na ce a ba shi wayar. Muryar ƙato na ji, wallahi ban gane ta ba. Na buɗe baki in kira sunansa, sai na ji ina cewa, "An yi ruwa?" Ya ce, "Da rani?" Ya miƙa wa gwaggonsa.

Abin da na tara, jika ɗari biyu da sittin na sefa. Bai kai ginin ɗaki ba, amma ya isa kuɗin motar komawa gida.