Sukundirebanka Yana Cikin Jakata

Zuwa ga Baba, Malam Garba makanike,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar 'ya ga mahaifinta, ina fata ƙasar Bakura ta yi maka sauƙi. Inna tana lafiya, sai ƙafar nan da ka sani.

Na je intabiyu a wani kamfanin casar shinkafa a Talata Mafara, suna neman injiniyan da zai tsara musu aiki. In na samu, kullum zan kwana gida kusa da Inna. In ban samu ba, sai Kaduna, ita kuma ta zauna ita kaɗai.

Kafin ranar, wani mai koyar da dabarun intabiyu ya tara mu masu neman aiki, ya raba mana takardar tambayoyi. Wai mutane kashi uku ne: masu koyo da ido, da kunne, da hannu. Ya duba tawa ya ce ni ta ido ce, in rage sauraro, in riƙa zane. Abin da malaman jami'a suka kasa ganowa a shekara biyar, shi ya gano a minti goma. Na dai lura duk mai tabarau a ɗakin kashin ido ya faɗa. Ya ba mu amsoshi mu haddace, ya ja mana kunne: kada a kushe kamfani a gaban masu shi.

Ka tuna ranar da ka tafi da ni Maradun gyaran injin ban ruwa? Ka dafa bakin sukundireba a jikin injin, ka kara mariƙin a kunnena, ka ce, "Saurara, Uwale. Inji ba ya ƙarya, sai dai mai shi." Hannuna na riƙe, kunnena na ji, idona na kan ruwa. Ban san kashin da malamin zai jefa ka ba.

Ranar intabiyun, mu shida aka kira. Ɗaya daga ciki manaja ya kira shi da sunan gida, har ya tambayi lafiyar Hajiya. Na kalli takalman da na goge, na ba su haƙuri.

Da aka zagaya da mu cikin kamfanin, sai na ji wata siririyar ƙara ƙarƙashin rurin injin. Na ɗebi shinkafar da ke fita, rabinta karyayya. Na ce boris, ƙarfen da injin ke juyawa a kai, ya kusa tafiya, kuma buhunan an jibge su nesa da inji, leburori suna tafiya biyu a aikin tafiya ɗaya. Manaja ya yi murmushin da babu haƙori a ciki. Duk haddata ta zube a nan.

Jiya suka bugo waya. Wai in zo Litinin in ɗan duba musu ƙarar nan. Ba wanda ya ambaci takardar ɗaukar aiki. Inna ta ce alheri ne. Ni kuwa na tuna yawan injinan da ka ɗan duba wa mutane, aka sallame ka da "Allah ya yi albarka."

Zan je, Baba. Sukundirebanka yana cikin jakata, mariƙin har yau da shatin yatsunka. Ba zai fito ba sai takarda ta shigo hannuna. Ka yafe mini, a nan kaɗai ban gaje ka ba.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta hutun da ba ka samu ba a nan.

'Yarka,
Uwale