Ba Burkutu Ka Sha Ba, Ishaya

Duk wanda takardar nan ta faɗo hannunsa ya karanta da natsuwa. Rashin sani ne ya kai ɗana kabari, kuma bai gama da mutane ba.

Zuwa ga ɗana Ishaya,

Ina gaishe ka, ko da yake na san ba za ka karanta ba. Gidanmu na Yelwa yana nan, sai dai babu mai shigowa da waƙar coci a baki yana buɗe mini tukunya. Matarka ta koma ɗinki. 'Yarka Talatu ta shiga makaranta, tafiyarta irin taka sak. Shinkafarka ta gonar Lau ta yi kyau bana, ƙanenka ne ya yanke.

Har yau ina fushi da kai. Sau nawa na gaya maka mai ciwon suga ba ya yin allura ya fita bai karya ba? Ran nan ka yi allura, ka yi sammakon sauke doya a kasuwa ba ka karya ba. An ce gumi ya jiƙa maka riga, hannunka na rawa, kana tangaɗi, harshenka ya yi nauyi, har ka zagi direba, kai da ba ka iya zagi ba. Sai suka ce burkutu ka sha. Suka kwantar da kai a inuwa wai ka wartsake, alhali sugan jininka ne ya faɗi. Ga mai sayar da lemo a gefenka! Ka ji suna dariya? Ka neme ni a cikin taron?

Ni ba mai yabon yaro a gabansa ba ce, shi ya sa ban taɓa faɗa ba: ban haifi wanda ya kai ka jin magana ba. Da yamma har yanzu ina kasa kunne ko zan ji takunka.

Yanzu ciwon ya kama babanka. Ran Lahadi a coci na ga yana gumi, ya riƙe littafin waƙa a juye. Ban jira an tashi ba, na sa masa suga a baki. Ya dawo hayyacinsa yana cewa na kunyata shi. Na bar shi ya yi ta faɗa.

Ka huta, ɗana. Ga dokar gidan nan yanzu: ba allura sai ga abinci a gaba. Ba mai fita, babba ko yaro, sai da suga a aljihu. Mai ciwon nan in ya fara gumi da rawar jiki, a ba shi zaƙi nan take. In ya suma, kada a ɗura masa komai, a kai shi asibiti.

Mamarka, mai jiran ranar haɗuwa.